Yaushe Muka Sauke Kaya? Sharhi a Kan Yadda Ake Ba da Tarihin Maiurno



Wanda ya daɗe yana magana a gidan rediyo yakan saba da yabo har ya manta akwai masu saurare da kunnen gyara. Haka nake har ƙarshen shekarar 2022, lokacin da wani dattijo mai sayar da kayan gyaran manyan motoci a Suk al-Shabi ta Khartoum ya rushe mini shirin da na fi alfahari da shi, da tambaya ɗaya tak. Dattijon kawuna ne, wan mahaifiyata. A yankin Sennar aka haife su, mahaifina ya auro ta lokacin da yake karatu a Sudan ya kawo ta Kano, shi kuwa Kawu bai taɓa taka Najeriya ba. Wannan rubutu sharhi ne a kan littattafai uku da suka shafi garin Maiurno da mutanenmu na Sudan. Amma da yake an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, bari in fara sauka daga kan nawa.

Ga wanda bai san wurin ba, Suk al-Shabi ma'anarta kasuwar talakawa. Kasuwa biyu ke amsa sunan, ɗaya a Khartoum, ɗaya a tsallaken kogi a Omdurman. Wuri ne na lodi da sauke kaya, na direbobi da 'yan kamasho da makanikai, da mata masu shayi a kan 'yan gajerun kujeru, da masu gasa agashe. Wannan agashe tsirenmu ne, har sunan namu ne, duk Sudan da shi aka san shi. A ƙofar shagon Kawu muka zauna da la'asar, aka kawo mana gahawar da suke kira jabana, na ciro waya na kunna masa shirin.

Shiri ne na minti 45 da na gabatar ranar 27 ga Yuli, ranar tunawa da yaƙin Burmi. Na bi labarin yadda kowa ya san shi. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gida da gona suna bin sa. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, sojojin Ingila suka cim masa ranar 27 ga Yulin 1903, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har suka isa ƙauyen Shaikh Talha a bakin Shuɗin Nilu a 1906, daga baya suka tsallaka kogin suka kafa garin da ke ɗauke da laƙabinsa. Na rufe shirin da murya mai rawa, na ce har gobe suna nan a bakin Nilu, fuskarsu na kallon Makka, suna jiran ranar ƙarasa tafiya. A daren da shirin ya fita saƙonni suka cika wayar tashar. Wata baiwar Allah ta ce da kuka ta ƙarasa tuƙa tuwo.

Kawu ya saurara har ƙarshe bai katse ba. Ya ajiye finjalin gahawa, ya ce, “Ɗana, muryarka da daɗi, Allah ya ƙara basira. Amma ka kawo mu bakin kogi ka bar mu tsaye da kaya a ka. A shirin nan naka, yaushe muka sauke?”

Na ce, “Kawu, ai tarihin hijira na bayar.”

Ya ce, “To wa ya sare dajin? Wa ya yi gonar? Ni da na yi shekara biyu ina safa da marwa da shaidu kafin a ba ni jinsiyya, da an kunna wa jami'in wannan shirin, da cewa zai yi ka ji, ɗan ƙanwarka ma ya ce kai matafiyi ne.”

Jinsiyya ita ce takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Da na koma masauki na sake sauraron shirin da agogo a hannu. Wata biyar na shekarar 1903 da tafiyar shekara uku sun cinye minti 42. Shekara 116 da aka yi a zaune, daga 1906 zuwa 2022, minti uku na ba su, cikinsu har da kiɗan rufewa. Ban faɗi a wace gaɓar kogin garin yake ba. Ban faɗi abin da ake nomawa ba. Mai sauraro a Gusau ya tashi da hawaye, amma ko za a yanka shi ba zai iya nuna Maiurno a taswira ba. Ba ni kaɗai ke da wannan ciwo ba. Ku saurari yawancin abin da muke yaɗawa a kan garin a rediyo da YouTube da Facebook, za ku ji duk a Burmi ake ƙarar da numfashi.

Bari in biya bashin minti ukun nan kafin in taɓa littafin kowa. Daga Khartoum zuwa Sennar kusan kilomita 300 ne, hanya ta bi ta Wad Madani. Sennar tsohuwar hedikwatar daular Funj ce, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821. Maiurno tana kudu da ita kaɗan, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, a kan hanyar zuwa Singa. Kogin daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake gangarowa, yana cika ya yi ja da laka a Agusta da Satumba, ya ja baya da rani. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka mai tsagewa da rani, mai kama ƙafa da damina, irin ta wasu sassan bakin Tafkin Cadi. Saboda haka noma iri biyu ne. Akwai na damina a fili, dawa da riɗi. Akwai na bakin kogi a tudun da ruwa ya janye ya bari, wanda suke kira juruf, inda ake kayan lambu. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sennar don shayar da gonakin audugar Gezira, kuma da yake Maiurno tana sama da madatsar, hawa da saukar ruwan bakin garin ya koma hannun masu buɗe ƙofofinta. A 1966 aka ƙara madatsar Roseires can sama, sannan a 2011 Habasha ta fara gina tata babbar. Ke nan manomin juruf, jikan mutanen Burmi, amfanin gonarsa yana rataye da shawarar injiniyoyin da bai taɓa gani ba. Wannan ma tarihi ne, kuma shi ne wanda ake ci a tukunya.

Littafi na farko da na nema bayan dawowata Kano shi ne na Mark Duffield, Maiurno: Capitalism and Rural Life in Sudan, wato jari-hujja da rayuwar karkara, wanda aka buga a Landan a 1981. Baturen ya zauna a garin a tsakiyar shekarun 1970 yana binciken digirinsa na uku na jami'ar Birmingham. Abin da ya fara yi mini shi ne ya cire mini hular da nake taƙama da ita. Mu mukan ce sun guje wa Nasara. Gaskiya ne, amma da suka isa Nilu Nasaran suka tarar, domin tun yaƙin Karari na 1898 Ingila ta karya daular Mahadi ta mallaki ƙasar. Sabuwar gwamnatin kuwa hannuwan aiki take nema ido rufe, yaƙe-yaƙe da yunwa sun rage jama'a, ana kuma hana cinikin bayi. Sai ga mutanen yamma, masu juriya, waɗanda suka iya fartanya. Aka ba Mai Wurno fili da girma, ƙauyuka suka yi ta tsirowa a gefen kogi, auduga ta sami masu cira. Duffield ya bi wannan zare ya shiga cikin garin da shi: wa ke da gona, wa ke ƙwadago, wa ya tara jari ya sayi babbar mota, wa ya sayar da ƙarfinsa ga manyan gonakin inji. Ya nuna garin ba dunƙule ɗaya ba ne na salihan bayi masu jiran jirgi. Akwai mai kuɗi da talaka, akwai gidan sarauta da talakawansa, akwai rikicin da arziki kan haifar.

Wannan shi ne ƙarfin littafin, kuma ya amsa rabin tambayar Kawu: an sauke kaya, har an yi rabon da wasu suka fi wasu samu. Rauninsa kuwa biyu ne a ganina. Na farko, an rubuta shi da harshen 'yan Markisanci na wancan zamani, inda mutum ke ɓacewa a cikin ajinsa. Ka karanta shafi bayan shafi kana jin ana auna mutane da mudu, kana marmarin jin muryar tsoho guda yana ba da labarin shekarar da ruwa ya ci gonarsa. Imanin da ya ɗauko mutum daga Gwandu ko Misau ya kawo shi Nilu a ƙafa, a irin wannan nazari yakan zama abin da ake fassarawa da tattalin arziki, alhali masu shi sun ɗauke shi dalili mai zaman kansa. Na biyu, da Turanci ne, Turancin ma na jami'a. Kawu yana karanta Larabci kamar ruwa, yana jin Hausa da Fulatanci, amma littafin da ke ɗauke da sunan garin kakanninsa ya fi ƙarfinsa.

Littafi na biyu ya tsaya a ɗaya gefen. Shi ne Permanent Pilgrims na C. Bawa Yamba, na shekarar 1995, wanda za a iya fassara sunansa da mahajjatan dindindin. Ba a Maiurno ya yi aikinsa ba, a Wad Madani da ƙauyukan Gezira ne, amma a kan mutanenmu ne, yawancinsu Hausawa. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka baro gida da niyyar hajji, an haife su a Sudan, sun tsufa a Sudan, amma idan ka tambaye su sai su ce a hanya suke. Wasu ma ba sa son gina gida mai ƙarko, kada ya zama alamar sun fasa niyya. Yamba ya yi abin da Duffield bai cika yi ba, ya ɗauki maganar mutane da nauyinta, bai ce ruɗu ne ba. Akwai wuraren da na karanta na ji kamar kakata ce ke magana. Bai kuma rufe ido ga talauci da bashin da ke ɗaure manomi a gonar wani ba.

Duk da haka wannan littafin ne ya fi tayar mini da hankali, don shi ne ya fi kama da shirina. Tambayar da nake ganin ta cancanci ta fi haka girma a cikinsa ita ce: nawa ne na wannan zaman jiran daga zuciya ya fito, nawa ne doka ta ƙaƙaba? Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta gindaya cewa sai wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. Ku lissafa da kanku. Mutanen Burmi a 1906 suka iso, shekara tara bayan an rufe ƙofa, balle waɗanda suka biyo bayansu a zamanin auduga. A dokar 1994 aka dawo da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956. A Gezira, da yawa daga cikin mutanenmu ba su mallaki hawasha ba, wato gonar da hukumar shirin ke ba manomi. A sansanonin ma'aikata da ake kira kambo suka zauna, a gefen ƙauyukan masu gona. Mutumin da ba shi da takarda, ba shi da fili da sunansa, in ya gina bukka maimakon soro, ibada ce ko tsoron a tashe shi? Mai yiwuwa duka biyun ne. Amma idan muka ɗauki na farko kaɗai muka rera shi a rediyo, mun miƙa wa mai son korar su sanda.

Ba zato nake yi ba. A Yulin 2022, 'yan watanni kafin zuwana, faɗa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, wadda ke kudu da Sennar, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin. Tushensa neman da Hausawa suka yi na a ba su masarautar gargajiya tasu, abin da a can yake ɗaure da mallakar ƙasa. Fiye da mutum 100 suka mutu a watan, dubbai suka gudu, Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartoum da Kassala da wasu garuruwa. A Oktoba aka sake a yankin Wad al-Mahi, aka rasa wajen mutum 200. Kalmar da ta yi ta yawo a lokacin ita ce baƙi. Ban kawo wannan don in wanke wani ɓangare ba. Mutanen Hamaj da Berta suna da nasu tsohon tarihin da wannan ƙasa, da nasu ƙorafin na filayen da manyan gonaki da madatsar ruwa suka cinye. Abin da nake cewa shi ne, inda babu rubutaccen bayanin wa ya sauka a ina, a wace shekara, da izinin wa, a kan wane sharaɗi, to kowa zai zo da nasa tarihin a bakin adda.

Littafi na uku na ɗan gida ne, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na jami'ar Khartoum, wanda shi kansa ɗan Maiurno ne. A 1986 ya fitar da nazari a kan Fulatancin Sudan da yadda yake sajewa da Larabci, a 1999 ya yi irinsa a kan Hausa, mai suna Hausa in the Sudan. Littafin masana harshe ne, cike da jerin kalmomi da bayanin sauti, ba wanda za a karanta a kishingiɗe ba. Amma a cikin ukun shi ne ya ba ni hujjar da ba ta da gardama. Harshe ba ya iya ɓoye inda ya kwana. Na ga haka da kunnena a Suk al-Shabi, ranar da Kawu ya ce babur ɗin gonarsu ya lalace, kayan lambu za su bushe. Na yi ta mamakin abin da ya haɗa babur da albasa, ashe a bakinsu babur injin ban ruwa ne. Matafiyi yakan ari kalmar gaisuwa da ta ciniki ya wuce. Wanda ya ari sunan magudanar ruwa da na gona da na kotu da na takardar haihuwa, wannan ya zauna. Aikin Abu-Manga ya kuma kama ni da wani kuskure. A shirina garin Hausawa na kira Maiurno, alhali Fulatanci ne ya fi ƙarfi a cikinta, ga Hausa, ga Larabci da ke ƙara cin gidaje. A Sudan an saba haɗe mu duka a kira mu Fallata ko Takari, ni kuma na rama da haɗe kowa na kira shi Bahaushe. Duka biyun gajeren hanya ne na wanda bai tsaya ya tambaya ba. Abin da littafin ya rasa, kuma ba aikinsa ba ne, shi ne taswira. Ya gaya mana yadda bakin mutane ya sauya, bai gaya mana iyakar gonakinsu ba.

To ga littattafai uku, ɗaya ya riƙe aljihu, ɗaya ya riƙe zuciya, ɗaya ya riƙe harshe, duka da Turanci, duka an buga su a Turai. Ina wanda zai haɗa su wuri ɗaya, da harshen da masu garin ke ji? Misalin irin aikin da nake nufi daga wuri mai nisa ya zo mini. A jami'ar Warsaw ta ƙasar Polan an daɗe ana koyar da Hausa, can ne su Farfesa Nina Pawlak suke. Wata ɗaliba daga can da na taɓa hira da ita a shirina, da na kai mata kukana, sai ta ba ni labarin wani ƙauyen kan dutse a ƙasarsu. Zmiaca ake rubuta shi, furucinsa kuwa kusan Jimyonsa. Yana cikin tsaunukan kudancin ƙasar, a gundumar Limanowa, kudu maso gabas da birnin Krakow. Ƙaramin ƙauye ne na manoma, babu sarki, babu shahararren yaƙi. A 1903, shekarar Burmi ke nan, wani masani ɗan manoma mai suna Franciszek Bujak ya fitar da littafi a kansa: yanayin ƙasar, rabon gonaki, gado, bashi, masu fita neman kuɗi. A 1963 Zbigniew Wierzbicki ya fitar da na biyu, ya nuna yadda ƙauyen ya koma bayan rabin ƙarni. A 2012 Michal Luczewski ya fitar da na uku. Ƙauye ɗaya, awo uku, da harshen mutanen ƙauyen.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da awon ya tona. A zamanin Bujak yankin yana ƙarƙashin daular Ostiriya, kuma da yawa daga manoman ba sa kiran kansu 'yan Polan. Mutanen sarkin Ostiriya suke ɗaukar kansu, sunan ɗan Polan kuwa a wurinsu na masu gandu ne da suka daɗe suna bautar da su. Jikokinsu a yau suna cikin masu tsananin kishin Polan. Da ba a rubuta na farkon ba, da kowa ya rantse haka suke tun fil azal. Darasin da na ɗauka shi ne, zama ɗan ƙasa abu ne da ake ginawa a hankali, a makaranta da wurin ibada da kasuwa da gona, kuma ana iya bin sawunsa shekara bayan shekara. Idan manomin kan dutse da bai taɓa barin ƙauyensa ba sai da ya zama ɗan ƙasarsa a hankali, me zai sa a ce wanda ya yi shekara ɗari yana noman bakin Nilu ba zai zama ba?

Na san wani zai ce ina rage darajar hijira, ina mayar da jinin shahidai lissafin dawa da riɗi. Ban ga haka ba. Littattafan sira ba su tsaya a ranar da aka isa Madina ba. Sun faɗa mana ginin masallaci, da kafa kasuwa, da 'yan uwantakar da aka ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru, da rijiyar da Sayyidina Usman ya saya ya yi waƙafi. Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804 ma, da ba a gina Sakkwato a bayanta ba, da labarin gudu kawai za mu gada. Wanda ya yanke labarin Maiurno a bakin kogi bai girmama Mai Wurno ba, ya hana shi rabin aikinsa ne.

Yanzu kuma lokaci ya ƙure mana fiye da yadda yake a 2022. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Shagon Kawu ya tafi da duk abin da ke ciki, har da akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun gonar mahaifinsu. Ya koma wajen dangi a yankin Sennar, yana ganin ya tsira. Amma yamma da Sennar akwai wani dutse da ake kira Jabal Moya, tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, kusa da hanyar da ta haɗa Sennar da garuruwan Farin Nilu. A Yunin 2024 RSF ta kama shi, cikin 'yan kwanaki Singa ta faɗi, Sennar ta zama kamar a cikin tarko, Maiurno kuwa tana tsakanin garuruwan biyu. Sai a Oktoba sojoji suka ƙwato dutsen, a Nuwamba suka koma Singa. Mu da muka yi shekaru muna ba da labarin garin ba tare da ambaton hanya ko dutse ba, sai ga shi dutse da hanya ne suka yanke wa mutanensa hukuncin wa zai ci abinci, wa zai gudu. Ranar da labarin ya iso ɗakin labaranmu, babu ko ɗaya a cikinmu da ya san ta wane gefe Jabal Moya yake, har da ni mai kawu a wurin.

Tsofaffin da suka ji labari daga bakin waɗanda suka sare dajin suna ƙarewa, waɗanda suka rage sun warwatse a Gadarif da Kassala da Port Sudan, wasu har Kano da Maiduguri. Ba sai mun jira wani farfesa ba. Duk mai waya yana da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Idan Allah ya haɗa ka da ɗayansu, ka bar shi ya ba ka labarin Burmi in yana so, hakkinsa ne. Bayan nan ka tambaye shi sunan unguwarsu da dalilin sunan. Ka tambaye shi wa ya ba kakansa gona, da wa suke iyaka, me ake biya, a hannun wa. Ka tambayi shekarar da ruwa ya fi yin ɓarna, da shekarar da aka buɗe makarantar farko, da wanda ya fara sayen mota. Ka tambayi matan abin da suke sayarwa da inda suke ɗebo ruwa. Ka tambayi maƙwabtan da ba namu ba yadda su suke ba da labarin saukarmu, ka rubuta ko da bai yi maka daɗi ba. Ka sa rana da wuri a kan kowace murya. Wannan ba na Maiurno kaɗai ba ne, kowane zango daga Kumasi zuwa Gadarif yana jiran irinsa, haka ƙauyen da aka haife ka.

Ni dai na fara da Kawu. Yana Gadarif yanzu a ɗakin haya, idan intanet ta samu yakan aiko mini da murya ta WhatsApp. Na roƙe shi ya fara daga farko, ina zaton zai ɗauko daga Sakkwato. Sai ya ce, “Ɗana, rubuta. Gonarmu ta juruf, daga gabas kogi, daga yamma hanyar shanu, daga kudu gonar wani Bazabarme, daga arewa wata tsamiya da babanmu ya dasa.” Na ce, “Kawu, tsamiyar tana nan?” Ya ce, “Da na baro ta tana nan. Mutum biyu ba sa iya rungume ta.”

Da wannan muryar zan buɗe shirin 27 ga Yuli mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya jiƙan shahidan Burmi, ya jiƙan waɗanda suka sare daji a bayansu, ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gonarsa. Wanda ya ga kuskure a abin da na kawo, ƙofar gyara a buɗe take.